Naitros, Famfon Mai da Fistan Na Bakwai

Har yanzu duk lokacin da na buɗe durowar sifanoni a gareji na ci karo da 'yar ledar da makunnin ya zo a ciki, sai ɓacin rai ya dawo mini sabo. Makunni ne da bai kai babban yatsa tsawo ba, kuma aikinsa ɗaya tak: idan ƙarfin turin fetur ya yi ƙasa, sai ya yanke wutar da ke buɗe hanya wa naitros, wato iskar da ake fesa wa inji don ƙara masa ƙarfi. A kwali ɗaya ya zo da sauran kayan. Na ɗauke shi na jujjuya, na ga yana buƙatar wata 'yar mahaɗa da ba ni da ita a ranar, sai na ce bari sai mako mai zuwa. Wannan ɗagewar ita ce ta ci mini fistan guda, ta zaunar da motata a kan jak har wata huɗu, ta kuma sa na kashe abin da ya ninka kuɗin kayan naitros ɗin sau da yawa.

Motar Camaro ce ta 2002, mai injin LS1, silinda takwas, lita 5.7. Na saye ta a nan Hustan ta jihar Teksas bayan ta sha tafiya, amma injin lafiyarsa ƙalau, ba hayaƙi, ba shan baƙin mai. Burina bai wuce in rage lokacin da nake yi a filin tseren kwata mil ba, inda muke haɗuwa daren Juma'a, kuma a sanina babu hanyar ƙara wa inji ƙarfi da ta kai naitros arha. Na zaɓi jiƙaƙƙen tsari, wato wanda yake fesa naitros da nasa fetur tare ta wani faranti da ake ɗaurawa a bayan bakin totur, domin busasshen tsari yana ɗora nauyin ƙarin man gaba ɗaya a kan nozul-nozul na asali, ni kuwa ban so in matsa musu ba.

Ɗaurin kansa bai ba ni wahala ba. Tukunyar naitros mai ɗaukar nauyin fam 10 ta zauna a baya, bawul yana kallon gaba, gindi a ƙasa, domin bututun da ke cikinta ya riƙa zuƙo ruwan naitros maimakon tururinsa. Na fitar da bututun huci zuwa ƙarƙashin mota, tunda babu bango tsakanin but ɗin wannan motar da direba. Na sa makunnin da ba ya barin feshi sai totur ya kai ƙasa, da wanda yake hana shi aiki ƙasa da juyi 3,000 a minti, yake kuma yanke shi kafin a kai inda ƙwaƙwalwar mota take datse mai. Na canza fulogi zuwa masu sanyi, na rage tazarar bakinsu zuwa inci 0.035, na sa aka ja taimin baya bisa ƙa'idar da aka saba, digiri 2 a kowane ƙarfin doki 50, na kuma daina zuba kowane fetur sai mai lambar oktan 93. Duk wannan na yi shi da natsuwa, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai, domin ba rashin sani ne ya kai ni ba.

Na san sarai cewa naitros ba makamashi ba ne. Kashi 36 cikin ɗari na nauyinsa iskar oksijin ce, alhali iskar da muke shaƙa ba ta wuce kashi 23 ba, kuma idan zafi ya kai wajen digiri 300 na ma'aunin Salsiyos a cikin silinda sai ya rabu ya saki wannan oksijin. Ƙarfin da direba yake ji a bayansa daga ƙarin fetur ɗin da ya samu damar ƙonewa yake fitowa. Idan oksijin ta iso fetur bai iso ba, wutar takan yi zafin da aluminiyam ba ya iya jurewa. Da wannan sanin a kaina na ɗaura geji a bututun mai, mota tana tsaye a silo, na ga allura ta tsaya cak a kan 58 a ma'aunin turi na PSI, daidai yadda ya kamata, na cire gejin na mayar da shi akwati. A silo inji kurɓar mai kawai yake yi, ko famfon da ya kusa mutuwa zai iya riƙe 58. Famfon motata kuwa tun na asali ne, a cikin tanki yake, kuma fito da shi sai an sauke tanki bayan an kwance salansa, aikin yini guda da ban so yi ba. Na yarda da wannan awon ne domin ya faɗa mini abin da nake son ji.

Da jet na ƙarfin doki 75, wato 'yar ƙofar da ke ƙayyade yawan abin da ake fesawa, na yi makonni ina jin daɗi. Motar takan manna ni da kujera da zarar na shiga giya ta biyu, fulogi kuma suna fitowa da kyau duk lokacin da na duba. Sai na ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa komai daidai yake, na tsallake 100 na tafi 150 kai tsaye.

Daren da abin ya faru dare ne na tsakiyar zafi, motar ta yini a rana, kuma gejin tukunya ya haura PSI 1,050, alhali jet ɗina an auna su ne a kan 900 zuwa 950. Ma'anarsa naitros ɗin da zai wuce ya fi wanda aka yi lissafi da shi. Na gani, na huce kaɗan ta bawul ɗin tsiyaya, na shiga layi. Giya ta ɗaya da ta biyu sun wuce lafiya. A tsakiyar ta uku na ji wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, ba ta fi daƙiƙa biyu ba, sai motar ta yi tari ɗaya mai ƙarfi, ƙarfinta ya zube. Kafin in ɗaga ƙafa aikin gama ya gama. Na gangara gefen fili inji yana kakkarwa, shuɗin hayaƙi yana bin bayana.

Washegari na ja ta zuwa garejin wani dattijo mutumin Kumasi da muke sallar Juma'a tare, wanda ya daɗe yana wannan sana'a a garin. Muka kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya muka jera a kan tsumma. Bakwai daga ciki sun yi fari fat, alamar ƙishin mai. Na silinda ta bakwai, can ƙurya ta ɓangaren direba, ƙarfen bakinsa ya narke ya ɓace, farin jikinsa kuma ya yi ɗigo-ɗigon aluminiyam masu ƙyalli. Dattijon ya ɗaga shi ya duba a haske, sannan ya ce, "Ɗana, ina makunnin mai?" Na ce, "Baba, yana gida a durowa." Bai ƙara cewa komai ba. Ya ɗaura geji, ya ba famfo wuta kai tsaye, ya buɗe solonoid ɗin fetur, wato bawul ɗin da wuta ke buɗewa, cikin galan, muka ga allura tana sulalewa ƙasa alhali ko nozul ɗaya bai fara jan nasa kason ba. Da ya yanka filtar mai, baƙin datti ne ya cika ta.

Da muka buɗe injin sai muka tarar da abin da muka zata. Zafi ya sa ringin sama ya miƙe har bakunansa biyu suka haɗu, da ya rasa wurin zuwa sai ya ɓalle gefen kan fistan. Allah ya taƙaita, ɓallin ya fice ta salansa, bangon silinda kuma kurjewa kawai ya yi, gogewa ta wadatar. Na sa sababbin fistan masu jure zafi, aka buɗa tazarar ringi fiye da ta asali, na sauke tankin da na guje wa saukewa, na sa babban famfo da sabuwar filta.

Duk wanda ya tambaye ni yanzu game da girman jet, ba na amsa masa sai ya gaya mini abin da gejin mansa yake nunawa a giya ta uku, totur a ƙasa, naitros yana feshi. Awon silo ba awo ba ne. Haka kuma ba na shiga layi sai tukunya ta sauko ƙasa da 950, ko da zan rufe ta da jiƙaƙƙen tawul in jira rabin sa'a, kuma tsalle daga 75 zuwa 150 ba tare da an tsaya a 100 an karanta fulogi ba ganganci ne da nake hana kowa. Amma duk waɗannan kurakurai da motata ta tsira daga gare su in da makunnin nan yana ɗaure, domin da allura ta fara sauka zai datse feshin, in ƙare tseren da jin haushi kawai.

Na ɗaura shi kafin in sake cika tukunya, na saita shi ya yanke idan turi ya sauka ƙasa da 50, na koma jet na 75. A fita ta uku, kusan daidai wurin da na rasa fistan, sai na ji naitros ya ɗauke, motar ta ci gaba da gudu da ƙarfinta na asali. Gabana ya faɗi, domin famfon sabo ne fil. Da muka bi waya muka auna, sai muka gano tsohuwar siririyar wayar da ke kai masa wuta ba ta iya ɗaukar abin da babban famfo yake ja, wutar tana raguwa kafin ta isa tanki. Na ja masa waya mai kauri da rile daga gaba, na fita sau shida a jere allura ba ta motsa daga 58 ba, sannan na kwance fulogi na bakwai tun yana da zafi na tarar da bakinsa yana nan yadda na sa shi.