Ches da kwamfuta: a sauko daga mataki na 8

Yau da yamma wani yaro ya nuna min wayarsa, ransa a ɓace. Ya buɗe Lichess, manhajar buga ches, ya zaɓi ya kara da injin ches ɗin nan Stockfish a mataki na 8, wanda shi ne mafi wuya, an kwashe masa sarauniya kafin ma ya fito da dawakinsa, sai ya ce ches ba nasa ba ne. Abin ya taɓa ni, domin zaɓin matakin ne ya cuce shi. Tun 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke Kasparov, zakaran ches na duniya a lokacin, kuma injinan yau sun fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba.

Mai koyo ya fara daga mataki na 1 ko 2, kada ya hau sai yana cin rabin wasanninsa. Amma injin da aka rage wa ƙarfi yana da aibi: zai yi ta wasa mai kyau, kwatsam ya yar da doki haka kawai, abin da mutum ba ya yi. Shi ya sa na fi son Maia, wata manhajar ches da aka horar da wasannin mutane. Kuskurenta irin namu ne. A sa agogon wasa minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane motsi, a daina janye motsi. In an gama, ka nemo inda wasan ya lalace da kanka kafin ka kunna nazarin kwamfuta, sannan ka duba inda lambar da ke nuna wanda ke gaba ta faɗi. +1 kusan ribar soja ɗaya ce. Ka koma wannan wurin ka sake bugawa da injin.

Ina fata yaron nan ya dawo gobe ya gwada mataki na 2.