Kafin ka zagi bafal ɗinka, auna kuran tukuna

Mu nan Damagaram da zarar sauti ya ɓaci sai ka ji an ce bafal ce ta mutu, ko ampili ɗin, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, jabu ne aka sayar maka a kasuwar Dole, alhali sau da yawa kayan lafiyarsu lau, kuran ɗin, wato wutar lantarkin da ke shigar su, shi ne ba shi da kyau.

Wutar gida 220 ya kamata ta kasance, to amma lokacin zafi, watan Afrilu da Mayu, da magariba kowa ya kunna fanka da firigo, sa mita a piriz ka gani da idonka yadda take zubewa. Ampili mai babban taransifo abin da aka ba shi da shi yake aiki, in wuta ta sauko daga 220 zuwa 180 kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya tafi, basa ta yi laushi, ganga ta koma kamar ana bugun kwali, kai kuma sai ka ƙara murɗa bolim, sauti ya fara tsagewa, kuma wannan tsagewar ita ke ƙona ƙaramar sipika mai siririyar murya. Wallahi abin yana min ciwo, mutum ya tara kuɗinsa ya sayi kaya masu kyau ya ƙona su da hannunsa bai sani ba.

Sai kuma gurnanin nan, huuum, da kake ji ko ba a sa komai ba. Wutarmu sau 50 take kaɗawa a sakan, kondansate, wato 'yan gwangwanayen da ke cikin ampili, su ke tace ta, to zafin garin nan yana busar da su, in ka buɗe ampili za ka ga kansu ya kumbura. Mai gyara ya sa maka masu 105°C, kar ya sa na 85.

Masu pano ku kula, konbatisa mai araha, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, wutarsa ba santsi gare ta ba, tsalle take yi, shi ya sa zizan da kake ji a bafal ba ta ƙarewa, a nemi wanda aka rubuta pur sinus, wato mai wuta mai santsi. Caja ta banza ma haka take, cire wayar daga caji in kana sa kiɗa da ita ka ji bambanci nan take.

Ni dai ampili piriz ɗinsa daban, ba ya haɗa layi da firigo, regilate mai daidaita ƙarfin wuta a tsakani, kuma in an ɗauke wuta ina kashe shi, sai ta dawo ta zauna kafin in kunna.