Godiya: Auta ya dawo gida, littafinsa ma ya dawo

Assalamu alaikum ’yan uwa da abokan arziki. Tun da aka sallamo Autanmu daga asibiti nake cewa zan zauna in rubuta wannan godiya, kasuwa ba ta bari, yau dai na ce ko motar tumatir za ta iso Mile 12 ta tarar ba na nan sai na yi. Alhamdulillah yaro yana gida Agege, an cire mishi simintin ƙafa, yana takawa da sanda guda, har ya fara faɗa da Umma a kan a bar shi ya fita masallaci da kanshi, to ka ga sauƙi ya samu kenan.

Wanda bai ji ba, keken da ya ɗauko shi daga lesin ne wata danfo ta buga ta baya wajen Pen Cinema ana tsaka da ruwan sama, ƙafar hagu ta karye wuri biyu. Ba zan tsaya ba da labarin daren nan ba, Allah kar ya maimaita mana.

Ba zan kira suna ba don na san da yawanku ba ku so, kowa ya san kanshi. Matar nan Bayarabiya mai gasa masara da ta cire ɗankwalinta ta ɗaure mishi ƙafa tana ta kiran “omo mi, omo mi”, wato ɗana da Yarbanci, Mama Allah ya biya ki. Samarin da suka tare mota suka kai shi asibiti ba su san ko ɗan waye ba. ’Yan uwana na kasuwar gwari da suka yi karo-karo tun kafin in buɗe baki, waɗanda suka ba da jini, liman da jama’ar masallacinmu, nas-nas ɗin ɗakin ƙashi da suka yi haƙuri da surutunshi, ’yan uwa na Kano da Zariya da waya ba ta huta ba. Allah ya saka da alheri, ya raba ku da irin wannan ranar.

Amma akwai wata godiyar daban da nake so in yi, kuma ita ce ta sa rubutun nan zai yi tsawo, ku yi haƙuri.

Duk wanda ya san Auta ya san shi da rola kosta, jirgin lilon nan na wajen wasa mai gudu a kan dogo yana hawa yana gangarowa yana juya mutum kai ƙasa. Tun wata Sallah da aka kai su wajen wasa yana ƙarami abin ya shiga ranshi, kuma ba hawan kaɗai ba, lissafin. Yana da wani littafi mai baƙin bango da ya ja wa layi da rula, kowane jirgi da ya taɓa hawa da layinshi: sunan jirgin, wajen wasan, kwanan wata, gaba ya zauna ko baya, kamfanin da ya ƙera, sai maki cikin goma. A gefe ya liƙa tikitin ko abin hannun nan na takarda da ake ɗaura wa mutum a ƙofa, da salatif. Baba yana ce mishi akawun lilo.

To littafin nan yana cikin jakarshi ranar hatsarin, jakar kuma ta faɗa kwata. Da ya farfaɗo daga aikin da aka yi mishi, wallahi bai tambayi waya ba, bai tambayi takalmi ba, ya ce “Yaya, jakata fa?” Na ce kai ana ta kai wa yake ta kaya. Ya yi shiru ya juya fuska bango, kuma shirun nan ya daɗe, abinci sai an yi da gaske, mai gashin ƙashi ta zo ta ce ya motsa yatsu ya ƙi. Ni ɗan kasuwa ne, na san yadda mutum yake ji in littafin bashinshi ya ɓata, kuɗin suna nan a hannun mutane amma kai ba ka da abin nunawa. Haka na fahimci abin.

Mai shayin bakin titin wajen, wani bawan Allah ɗan Tawa, shi ya tsamo jakar da sanda bayan ruwa ya ɗauke, ya rataye ta a jikin teburinshi yana jiran mai ita. Da ƙyar muka gano shi ta hanyar masu keke. Malam, na ba ka kuɗi ka ƙi karɓa har ka ji haushi, to ga godiyata a bainar jama’a, ita ba ka da yadda za ka yi ka mayar min.

Littafin ya zama dunƙule guda, ga wari. Matar wana ce ta karɓe shi, Anti Allah ya ba ki Aljanna. Ta zauna a tsakar gida da wuƙar yanka albasa tana raba shafi da shafi a hankali, kowane ta sa tsakanin tsofaffin jaridu ta ɗora turmi a kai, washegari ta canza jarida, da suka sha iska ta bi su da dutsen guga ta saman ƙyalle. Abin da ya rubuta da biro ya tsira, ana karantawa. Amma makin da kwanakin wata da jan alƙalamin nan mai ruwa ya rubuta su don su yi kyau, duk sun narke sun zama jan tabo. Tikitocin ma irin takardar risit ɗin POS ce, sun koma fari fat.

Nan fa aiki ya tashi, don Auta ya ce ba zai sake rubuta komai da ka ba. Wai abin da babu shaida ba ya shiga littafi. Na ce kai da ka hau da ƙafarka wace shaida kuma? Ya ce a’a. Sai na sa a gurup ɗin gidanmu na WhatsApp cewa duk wanda ya taɓa fita da yaron nan wajen wasa ya duba wayarshi. Jama’a ku zo ku ga ikon Allah, hotuna suka yi ta shigowa, na Lekki, na Apapa, na hanyar Ibadan, har na Abuja lokacin da ya je hutu gidan Kawu aka kai su Magicland, wanda da ake ce wa Wonderland. Wata ƙanwarmu ta nuna mana in ka danna bayanin hoto a waya yana nuna ranar da aka ɗauka har da awa, wani lokacin har wurin, in dai asalin hoton ne ba wanda aka yi ta turawa ba. Wani ɗan ajinsu ya tono tsohon post na Facebook. Kawu kuwa alat ɗin banki ya nemo na ranar da ya biya kuɗin shiga. Da haka da haka aka mayar da kwanakin, saura guda ɗaya.

Sai maƙwabcinmu Ibo mai shagon fotokofi da buga takardu, shi ya ce wannan wahalar kar a sake ta. Ya zauna bayan ya rufe shago ya shigar da komai a Google Sheets, layi-layi yadda yake a littafin, ya buɗe wa Auta a waya, ya ce yanzu ko Legas gaba ɗaya ruwa ya cinye lissafinka yana nan. Ko sisi bai karɓa ba. Oga, na gode, Allah ya ƙara kasuwa.

A zaman jinyar nan ne na gane ashe ba Auta kaɗai ke wannan abin ba, duniya guda ce. Kowane jirgi sabo da mutum ya hau suna ce mishi kiredit ɗaya, ko sau ɗari ka maimaita shi ɗaya ne dai, kuma akwai mutanen da suka wuce 1,000. Ya nuna min wani shafi a intanet, RCDB, da wani Ba’amurke Duane Marden ya buɗe tun 1996, jirage sama da 10,000 ne a ciki har da waɗanda aka rushe, kowane da tsayinshi da gudunshi da shekarar da aka buɗe shi, kana iya dubawa ƙasa-ƙasa. A nan yake samo sunan kamfani, Vekoma na Holan ne, Zamperla na Italiya, da sauransu. Akwai Coaster-Count inda kake yin rajista ka riƙa danna wanda ka hau yana tara maka jimilla, akwai Captain Coaster inda ake ba su taurari ana jera wanda ya fi wani, akwai manhajar LogRide ta waya. Wasu taswirar wajen wasan suke tarawa, wasu hoton da kyamara ke ɗaukar mutum yana tsakiyar ihu. A Amurka har ƙungiya gare su, American Coaster Enthusiasts, tun 1978. Duk da haka shi littafin takardar ya fi so, ni ma a ganina ya fi, don a waya ba ka ganin tabon miya da rubutun yaro yana canzawa daga na firamare zuwa na sakandare.

Kuma suna da gardama irin ta malamai. Ƙaramin jirgi na yara ana ƙirga shi? Wasu sun ce e, har za ka ga ƙaton mutum da gemu ya naɗe ƙafa a jirgin yara don ya ƙara ɗaya. Jirgin da aka kwance daga wani wajen wasa aka kai wani gari aka sake mishi fenti da suna, sabo ne ko tsohon ne? Wanda ke da dogo biyu suna tsere gefe da gefe, ɗaya ne ko biyu? Wani daren wannan gardamar ce ta tashi a ɗakin, wani dattijo mai karyayyen ƙugu a gadon kusa ya ce mota in an sake mata fenti da lamba ai ita ce dai, wani direban tirela ya ce to in an canza inji fa, nas ta shigo ta ce ku mutanen nan ƙarfe ɗaya na dare ne fa. Daren ne na fara jin dariyar Auta tun bayan hatsarin. Baba mai ƙugu, in ’ya’yanka sun ga wannan su gaishe min da kai, Allah ya tashi kafaɗunka.

Gaskiya nashi lissafin bai taka kara ya karya ba, a ƙasar nan jiragen ba su da yawa kuma yawanci ƙanana ne, shi ya sa rabin littafin na baya ya fi na gaba cika, wato jerin waɗanda yake burin hawa. Nan ne na ga wani layi da ya soke da rula, Kingda Ka, na jihar New Jersey, tsayin mita 139, an buɗe shi 2005, shekaru shi ne mafi tsayi a duniya. An rufe shi ƙarshen 2024, aka rushe shi a Fabrairun 2025. Ya ce wanda bai hau ba shi kenan har abada, babu inda zai same shi. Bai yage layin ba, ya rubuta “an rushe” a gefe, kuma da biro ya rubuta don haka ya tsira daga kwata. Akwai Steel Dragon 2000 na Japan mai tsawon mita 2,479, akwai Anaconda na Gold Reef City a Johannesburg, shi ya ce ya fi sa rai da shi tunda a Afirka yake.

Ɗan uwanmu da ke aiki a Abu Dhabi, kai kuma ban san me zan ce maka ba. Da ya ji labari ya ɗauki ranar hutunshi ya tafi Ferrari World, mutumin da ko lilon igiya ba ya hawa, ya shiga Formula Rossa, wanda ke kai gudun kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 5, har tabarau ake ba mutum saboda iska da ƙura. Ya turo bidiyo bayan ya sauko yana salati ƙafa na rawa, ya ce “Auta na hau maka, rubuta.” Auta ya ce “Yaya ba a hawa wa mutum, kai ne dai ka samu ɗaya.” Amma taswirar wajen da ya aiko da ita ta hannun wani mai dawowa tana ƙarƙashin filonshi har aka sallame mu.

Yanzu kuma maganar Falcons Flight ce ba dare ba rana, na Qiddiya kusa da Riyad, wanda ya ƙwace kambun gudu da tsayi da tsawo duka, kilomita 250 a awa, dogon ya fi kilomita 4. Baba ya ce ranar da Allah ya hore maka kuɗin Saudiyya Makka da Madina za ka fara, in ka yi saura ka je ka hau lilonka. Ya ce ya yarda.

Mai gashin ƙashin nan, ’yar uwa Allah ya yi miki albarka, ke kika yi dabarar da ta fi ta kowa. Da ta ga littafin sai ta ce ya buɗe sabon shafi ya ja layi irin nashi, kwanan wata, taku nawa ya yi, da sanda biyu ko ɗaya, maki cikin goma. Yaron da ake roƙo ya motsa yatsa sai ga shi yana cewa a ƙara mishi zagaye ɗaya a baranda don na yau ya fi na jiya.

Masu tambaya yaushe za a kai shi wajen wasa, likita ya ce tukuna, sai ƙashi ya gama kamawa an sake hoto, kuma ba mu da niyyar yi mishi gardama. Masu tambayar lambar akawun kuma don Allah ku bari, an biya komai, abin da ya yi saura mun miƙa wa wani mara lafiya a ɗakin da shawarar waɗanda suka tara. Za a yi ’yar walima da addu’a a gida ranar Juma’a bayan la’asar, ba kati ba komai, kowa ya zo.

Sai roƙo ɗaya. Layi guda ne har yanzu babu kwanan wata, fitar da makarantar Islamiyyarsu ta yi da ɗalibai zuwa Lekki bayan wata ƙaramar Sallah, lokacin suna sa koren yunifom. Iyayen yara ko malaman da suka raka su, duk mai hoton ranar a tsohuwar waya ya taimaka ya turo min ta inbox, asalin hoton don Allah ba sikirinshot ba, ko ya zo da wayar ranar Juma’a Auta ya duba da kanshi.