Ranar da ƙwaya ta biyu ta amsa

Laraba, tsakiyar Janairu.

Ƙarfe bakwai da rabi na fito daga gida, gari bai waye ba. Hunturun Jamus ke nan, sai ka yi asuba, ka sha shayi, ka hau keke har bakin aiki, duhu na nan daram. Na isa ɗakin binciken ƙwaƙwalwa da nake jagoranta yatsuna sun ƙage, na tarar ɗalibata ta riga ni, har ta gama yanka.

Yankan nan shi ne rabin aikin. Ana ciro ƙwaƙwalwar ɓera cikin hanzari, a tsoma ta a ruwan gishiri mai ƙanƙara, a sa injin reza ya fitar da ita falle-falle, kaurin kowanne maikuromita 300, wato bai kai sulusin milimita ba. Daga nan a jera fallayen a wani ruwan da ake hura wa iska, kashi 95 cikin ɗari oksijin, sauran kabon dayoksaid. In hannu ya yi kyau, ƙwayoyin jijiyar da ke ciki za su rayu sa'o'i da dama. In an yi nawa, ko ruwan bai yi sanyi sosai ba, sai ka leƙa maikuroskof ka ga duk sun kumbura, ranar ta tafi ke nan, an kuma yi asarar ran dabba a banza. Na leƙa nata. Ƙwayoyin sun fito sumul, gefensu a bayyane. Na ce mata yanka ya yi, na wuce ofis.

Mu biyar ne a rukunin: ni, ɗalibai biyu masu neman digirin dakta, wani da ya riga ya gama nasa yana ƙara gogewa a wurina, sai mai kula da ɗakin gwaje-gwaje. An ba ni shekara biyar da kuɗin da zan tafiyar da su, ba wani farfesa a kaina da zai ce yi kaza, bar kaza. Yanzu muna cikin ta uku. Tambayarmu ɗaya ce: a ɓawon ƙwaƙwalwa, wace ƙwaya ce ke magana da wace, kuma yaya mahaɗun da ke tsakaninsu ke canzawa lokacin da dabba ke tasowa daga yarinta zuwa balaga, lokacin da ake datse waɗansu, ana ƙarfafa waɗansu.

Safiyar duk a kan takardu ta ƙare. Sai da na sake lissafin ɓerayen da za mu buƙata a sabuwar takardar neman izini, domin a nan hukuma ba ta yarda ka taɓa dabba ko ɗaya sai ka bayyana dalilin kowace, kuma ina ganin daidai ne. Bayan haka na buɗe kasafin kuɗi. Kwantiragin mai kula da ɗakin zai ƙare a bazara, abin da ya rage kuwa ba zai ɗauki albashinta da tafiyar taron da na yi wa ɗalibai alkawari ba. Na daɗe ina kallon lambobin. Lokacin da nake ƙarƙashin wani, ban taɓa sanin cewa kwalbar da nake ɗauka a firij akwai wanda ya hana idonsa barci kafin a saye ta ba.

Bayan azahar na kasa zama, na koma ɗakin duhu inda take.

Wata bakwai ke nan tana koyon wannan dabara da Erwin Neher da Bert Sakmann suka ƙirƙiro a Gottingen, wadda ta ba su kyautar Nobel a 1991. Ana jan bututun gilashi a wuta har bakinsa ya koma kusan maikuromita ɗaya, a cika shi da ruwan gishiri, a sa waya a ciki. Akwai ɗan tiyo da ke fitowa daga bayansa zuwa bakinka. Kana hura iska kaɗan kana saukar da gilashin, har ka ga jikin ƙwayar ya ɗan lotsa. Sai ka saki iskar, ka tsotsa a hankali, kamar mai jan kunu mai zafi. Fatar ƙwayar ta manne wa gilashin gam, lambar da ke kan allo ta yi sama ta kai gigaom, alamar lantarki ya daina yoyo ta gefe. Sannan tsotsa ɗaya mai ƙarfi, gajeriya, fatar ta huje, ka shiga. Allo ya nuna maka wajen milibolt 70 ƙasa da sifili, ka san kana cikin ƙwaya mai rai.

Ƙwaya ɗaya ta daɗe da iya kamawa. Abin da ya gagare ta shi ne biyu a lokaci guda, maƙwabtan juna, a zuba wa ɗaya lantarki a ga ko ɗayar za ta ji. Ko ka kama su lafiya, a irin waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya cikin goma ne kawai ke da mahaɗa a tsakaninsu. Sauran tara shiru za ka ji.

Na tsaya a bayanta. Ta kama ta farko. Tana saukar da gilashi na biyu na ga tana sauri, na san fallen zai motsa, ya kuwa motsa, ta farkon ta kuɓuce. Kalmar "matsa in yi" ta zo har bakina. Shekara goma sha ɗaya na yi ina wannan aiki, hannuna ya san shi fiye da yadda ya san rubutu, kuma ina kewarsa ƙwarai. Na cusa hannuwana cikin aljihu. In na zauna a kujerar nan yau, za mu samu sakamako, amma gobe ma ni za a jira, kuma ita za ta fita daga wurina da takarda ba hannu. Abin da na ce kawai shi ne ta sauko da gilasan biyu kusa tukuna, kafin ta taɓa ko ɗaya. Ta ce to, ba ta ko waiwayo ba.

Na fita na yi la'asar, na dawo, tana kan nema. Biyu-biyu har sau shida, duk shiru. Fallayen sun fara gajiya, ita ma haka. Wajen ƙarfe huɗu da kwata, rana na shirin faɗuwa, ta kama na bakwai. Ta zuba wa ta hagu lantarki, ƙwayar ta harba saƙo. A layin ta dama a kan allo, bayan ɗan jinkirin da bai wuce kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa ba, sai ga wani ɗan tudu, bai kai milibolt ɗaya ba. Ta ce, "Malam, ko hayaniyar waya ce?" Na ce ta maimaita sau talatin ta haɗa. Tudun ya fito fes, a wuri ɗaya kowane karo. Ta juya ta zuba wa ta dama, ta hagu ba ta ce uffan ba. Hanya ɗaya ce, daga wannan zuwa waccan.

Ta rufe baki da hannu. Ni ma sai da na ji tsigar jikina ta tashi, alhali na ga irinsa ba adadi. Tazarar da saƙon nan ya tsallaka wajen nanomita 20 ce, wato kashi 20 cikin miliyan na milimita. Santiago Ramon y Cajal ya dage cewa ƙwayoyin jijiya a rabe suke, ba zare ɗaya ba ne, Charles Sherrington ya raɗa wa mahaɗar suna "synapse" a 1897, amma ba a ga ratar da ido ba sai a shekarun 1950, da maikuroskof mai aiki da ilekturon. Yau ga yarinya 'yar shekara ashirin da shida tana sauraron guda ɗaya, a cikin ɗakin da ni ke biyan kuɗin wutarsa. Alhamdu lillahi.

Bayan magariba na koma kan kasafin, na soke tafiyata ni, na bar ta ɗalibai, na rubuta wa ofishin ma'aikata a sabunta kwantiragin.

Kafin in tashi na amsa wasiƙar wani ɗalibi daga Zariya da ke neman gurbi a wurina. Ba ni da gurbi, na gaya masa gaskiya. Amma na nuna masa taswirar ƙwaƙwalwar ƙudan 'ya'yan itace da aikin FlyWire ya fitar a 2024, ƙwayoyi kusan 140,000 da mahaɗu sama da miliyan 50, a buɗe take ga duk mai kwamfuta da intanet. Na ce ya zaɓi ƙwaya ɗaya, ya bi duk waɗanda take aika wa saƙo, ya rubuto mini abin da ya gani nan da mako uku, zan karanta.

Da na zo wucewa ta ɗakin duhu, wajen ƙarfe bakwai, ta wanke komai, tana auna gishirin ruwan gobe.