Takardar kabon: cinikin hayaƙin da babu wanda ya ga an hana shi tashi

Kamfanin jirgin sama ko na mai zai fito ya ce ya goge hayaƙinsa, alhali injinansa na nan suna shan mai kamar jiya. Abin da ya yi shi ne sayen takardun kabon. Kowace takarda tana matsayin tan ɗaya na iskar kabon da aka ce an hana tashinta a wani wuri, galibi wani daji a Amazon, Kwango ko Indonesiya. Ɗumamar duniya gaskiya ce, ba ni da ja a kanta. Inda nake da ja shi ne lissafin da ke ƙarƙashin takardar.

Awon farko mai sauƙi ne. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, kuma ana ninka nauyin kabon da 3.67 don a sami nauyin iskar da zai zama idan ya ƙone. Ke nan tan ɗaya na busasshen itace na riƙe da kamar tan 1.8 na iskar. Wannan ana iya aunawa da tef, da ma'auni, da hoton tauraron ɗan'adam. Ɓarnar tana shigowa ne a tambaya ta biyu: da ba a yi aikin kare dajin ba, hekta nawa za a sare?

Amsar hasashe ce, kuma shekara da shekaru mai sayar da takardar ne ke yin hasashen. A ce daji ne mai hekta 100,000. Mai aikin ya rubuta cewa da ba don shi ba za a riƙa sare kashi 2 cikin ɗari duk shekara, wato hekta 2,000. Shekara ta zagayo, aka ga hekta 500 aka sare, sai ya ce ya ceci 1,500. Idan kowace hekta na riƙe da tan 400, ya sami takarda 600,000. To amma idan ainihin saran da ake yi a irin wannan daji hekta 600 ne a shekara, hekta 100 kacal ya ceta, takardun gaskiya 40,000 ne. Ragowar 560,000 na banza ne, amma wani ya saya ya ƙona mai na gaske a kansu. Dabarar da aka fi yi ita ce a ɗauko yankin da ke bakin titi, inda zarto ba ya hutawa, a ce shi ne madubin dajin da ke can cikin lungu.

A watan Janairun 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus suka wallafa binciken da ya ce sama da kashi 90 cikin ɗari na takardun dazuzzukan da Verra, hukumar da ke rajistar irin waɗannan takardu, ta tantance, da wuya a ce sun rage wani hayaƙi. Verra ta musanta, sai dai shugabanta David Antonioli ya sauka a wannan shekarar, daga baya kuma ta sake tsarin, ta karɓe aikin hasashen daga hannun masu ayyukan. A watan Agustan 2023 mujallar Science ta fitar da nazarin da ya gwada wuraren ayyukan da wasu dazuzzuka masu kama da su: cikin takarda miliyan 89, kamar miliyan 5.4 ne ke da ragi na gaske a bayansu, kashi 6 cikin ɗari ke nan.

Murhu mai tsimin itace, wanda ake raba wa gidaje a sayar da takardu a kan itacen da aka ce ya rage ƙonawa, shi ma bai tsira ba. Masana daga jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun gano a 2024 cewa takardun da aka bayar sun ninka ragin gaskiya kusan sau tara. Dalilan ƙanana ne, amma ninka juna suke yi. Akwai kason itacen girki da ake cewa ba ya sake tsirowa, wanda yawan takardu ke ƙaruwa da girmansa: ayyuka da yawa na rubuta kashi 80 ko 90, alhali nazarin da aka yi a 2015 ya nuna kashi 27 zuwa 34 ne a duniya. Sai tambayar baki: wanda ya ba ka murhu kyauta ya dawo ya ce kana amfani da shi? Wa zai ce a'a? Sannan gidaje da yawa na haɗa sabon murhun da tsohon, babbar tukunya tana kan tsohon. Maganin sananne ne, a riƙa auna itacen gida da sikeli na 'yan kwanaki ko a liƙa na'urar zafi a jikin murhun, sai dai yana da tsada kuma yana rage yawan takardu.

Ko da lissafin ya yi daidai, akwai batun daɗewa. Wani ɓangare na hayaƙin mai yana zama a sama ɗaruruwan shekaru, daji kuwa gobarar mako guda ta ishe shi. Shi ya sa ake ware wani kaso na takardun a ajiye kamar inshora. A Kalifoniya an tsara ajiyar ta kai shekara 100, amma wani nazari na 2022 ya nuna gobara ta cinye aƙalla kashi 95 na kason da aka ware mata cikin shekara goma na farko. Ga kuma masu saran da aka kora daga nan su koma dajin maƙwabta.

Me ya sa ba a kama kuskuren da wuri? Mai aikin ne ke zaɓen mai binciken kuma shi ke biyan sa. Hukumar rajista, irin su Verra, tana karɓar la'ada a kan kowace takarda da ta fitar. Mai saye kuwa arha yake nema, ba zai taɓa komawa ya ce kayan ba su da kyau ba, don ba amfani da su zai yi ba, a rahoton shekara zai rubuta su. Taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, COP29, da aka yi a Baku a 2024 ya amince da ƙa'idojin wannan ciniki tsakanin ƙasashe ƙarƙashin sashe na 6 na yarjejeniyar yanayi ta Faris, har da ƙofar da wasu tsofaffin ayyukan zamanin yarjejeniyar Kyoto da ta gabace ta za su bi su shigo sabuwar kasuwar.