Jaridar da nake kaiwa aji a Hanoi

A shekarata ta farko ta koyar da Turanci a wata jami'a a Hanoi, babban birnin Vietnam, duk Litinin sai na shiga aji da jaridar Viet Nam News a hammata, da niyyar mu karanta labari guda tare. Haka malamanmu suka tarbiyyantar da mu a Kano: mai son harshe ya zauna masa a baki, ya lazimci jarida.

Ba a je ko'ina ba na lura ni kaɗai nake kiɗana nake rawata. Wata rana wata ɗaliba ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce, "Malam, ai wannan labarin tun daren jiya muka gama da shi." Ta miƙo mini wayarta. Ga labarin a VnExpress, wata jaridar intanet, ga muhawarar jama'a a ƙasansa, har an tura shi zauren ajinsu na manhajar hira ta Zalo an tattauna. Ni kuwa da ɗumame na zo musu.

Da farko ƙiwa na ɗora musu, kuma ban yi musu adalci ba. Yaran nan karatu suke yi ba dare ba rana. VnExpress tun 2001 take intanet, ta girmi yawancinsu, kuma ba a biyan ko sisi. Duk shagon kofi da ka zauna akwai intanet kyauta. Sannan ƙasar ba ta da jarida mai zaman kanta; ko Tuoi Tre, wadda sunanta ke nufin ƙuruciya, a ƙarƙashin ƙungiyar matasan jam'iyyar Kwaminis mai mulki aka kafa ta a 1975. Jaridun intanet ma da izinin hukuma suke aiki, amma can aƙalla matashi yana iya tofa albarkacin bakinsa. A bakin tafkin Hoan Kiem, inda ake manna jarida cikin gilashi, dattawa kawai nake gani tsaye suna gyara tabarau.

Sai ga Afrilun 2025. Nhan Dan, jaridar jam'iyya, ta buga bugu na musamman na cika shekara 50 da ƙarshen yaƙin Vietnam, da zane mai faɗi da lambar da ake haskawa da waya. Matasa suka yi dogon layi a titin Hang Trong don su samu. Ɗalibar nan tana cikinsu. Washegari ta zo da nata aji a naɗe cikin leda, ta shimfiɗa shi a teburina da hannu biyu, tana roƙon kada kowa ya lanƙwasa mata.