Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shafukan "Sa"

A makon jiya na tsaya a inda na cika wata shida a birnin Nagoya na ƙasar Japan, ina iya karanta haruffan hiragana, wato rubutun Japananci mai wakiltar gaɓoɓin sauti, guda 46 ɗaya bayan ɗaya, amma ban gane dalilin da ya sa malamarmu take tilasta mana haddace jerinsu kamar masu karatun allo ba. Amfanin wannan hadda ya bayyana mini ne a wani dare na ƙarshen watan Maris na 2006, lokacin da ɗaliban ɗakin bincikenmu suka shirya liyafar bankwana ga mutum uku da suka kammala karatu, sannan bayan an ci abinci aka ce a wuce gidan karaoke, kamar yadda suka saba yi a zama na biyu.

Ɗakin da muka kama ɗan ƙarami ne, da dogon benci da talabijin da makirufo biyu, kuma a kan tebur akwai wani littafi mai kaurin ƙamus wanda ke ɗauke da sunayen waƙoƙi da lambobinsu. Mutum zai nemo waƙar da yake so, ya danna lambarta, na'ura ta saki kiɗa babu murya, shi kuma ya rera yana bin rubutun da ke gudana a allo. Sunan abin ma daga nan ya fito, domin "kara" na nufin wofi, "oke" kuma guntun kalmar ƙungiyar makaɗa ce. Da na buɗe littafin sai na ga an jera sunayen bisa tsarin da suke kira gojuon, wato a, i, u, e, o, sannan ka, ki, ku, ke, ko, sannan sa, shi, su, se, so, haka har zuwa ƙarshe. Wanda bai haddace wannan jeri ba, ko da ya iya karatu, sai ya kwana yana juya shafi.

Ban san waƙar Japananci ko ɗaya ba a lokacin, saboda haka da shugaban ɗakinmu, wanda muke kira Sensei, ya miƙo mini littafin ya ce in zaɓa wa jama'a wata, sai na buɗe gaɓar "sa" don kawai ita ce ta yi mini kama da Hausa. Abin da na tarar ya ba ni mamaki, domin shafi bayan shafi kalma ɗaya ce ke maimaita kanta, wato sakura, sunan itacen nan da ke fitar da fure fari mai ɗan ratsin ja a ƙarshen sanyi. Akwai tsohuwar waƙar gargajiya "Sakura Sakura" wadda masu koyon koto, wani abin kiɗa mai tsirkiya 13, suke farawa da ita. Akwai "Sakurazaka" ta Fukuyama Masaharu ta shekarar 2000, wadda aka sayar da faifanta sama da miliyan biyu, da "Sakura Drops" ta Utada Hikaru ta 2002. Waƙoƙin da sunansu "Sakura" kawai kuwa sai an duba sunan mawaƙi kafin a bambance su, domin Moriyama Naotaro yana da tasa ta 2003, ƙungiyar Ketsumeishi tana da tata ta 2005, haka ma mawaƙa biyun nan da ake kira Kobukuro sun fitar da tasu a ƙarshen 2005 ɗin.

Na tambayi ɗalibin da ke zaune kusa da ni dalilin wannan yawa, sai ya bayyana mini cewa a Japan shekarar karatu da shekarar kasafin kuɗi duka suna ƙarewa a watan Maris, sabuwa ta soma ranar 1 ga Afrilu, kuma a daidai wannan lokaci furen yake buɗewa a yawancin manyan biranen ƙasar. Ke nan bikin kammala makaranta, da canjin wurin aiki, da barin gari, duk suna faruwa a ƙarƙashin wannan itace, wanda furensa ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu iska ta zubar da shi. Sun ɗauki lamarin da muhimmanci har hukumar yanayi ta ƙasar tana da itace na musamman a harabar wurin bautar Yasukuni da ke Tokyo, wanda idan fure biyar ko shida suka buɗe a jikinsa ake sanar da cewa lokaci ya yi. A fahimtata, mawaƙin Japan idan ya ce sakura, sau da yawa rabuwa yake nufi, sai dai al'adarsu ta fi son a kewaya a ambaci furen.

Bayan sakura, tun da "ke" tana bin "ku" a jeri, sai na faɗa kan wani suna da na karanta "Sake yo", na ɗauka a zuciyata cewa ga kalmar Hausa ta maimaitawa ta biyo ni har nan. Da na furta ta da ƙarfi sai ɗakin ya fashe da dariya, domin sake giyar shinkafa ce, waƙar kuma ta Yoshi Ikuzo ce ta 1988, irin ta enka, wato salon waƙoƙin bege na dā da dattawa ke so, alhali kowa ya san ni da kofin shayin ulon tun farkon zaman. Na tsallake ta da sauri. Gaba kaɗan akwai "Sazanka no Yado" ta 1982, wadda ta koya mini cewa "za" a jerinsu tana zama tare da "sa", sai "Sayonara" ta ƙungiyar Off Course ta 1979, can kusa da ƙarshe kuma "Sanpo", waƙar yara ta fim ɗin Totoro, saboda harafin "n" shi ne kurar baya a jerin.

Daga ƙarshe na zaɓi ta Moriyama, saboda an ce ita ake yawan rerawa a bikin kammala makaranta. Da kiɗan fiyano ya tashi, ɗaya daga cikin masu tafiya, wanda zai koma garinsu a tsibirin Kyushu, ya karɓi makirufo, amma bai kai tsakiyar waƙar ba muryarsa ta karye, sai sauran suka ɗauka gaba ɗaya, har da Sensei wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba cikin wata shida. Ni dai ina bin rubutun da ido, ina kama ƙananan haruffan hiragana da aka ɗora a kan kanji, wato haruffan da suka aro daga rubutun Sinanci, ina furta abin da na iya a hankali.

Washegari na nemi ɗalibin nan mai komawa Kyushu ya rubuta mini kalmomin waƙar da hiragana zalla a bayan wata takardar gwaji kafin ya tafi tashar jirgin ƙasa, kuma da ita na yi ta bita a ɗakina har furen gefen kogin Yamazaki ya zube a cikin makonnin farko na Afrilu.